Shin Shugaban Amurka Ya Zama Sarki? Fashin Baƙi Kan Yadda Ikon Kujerar Ya Bunƙasa

Duk lokacin da shugaban Amurka ya rattaba hannu kan wata takarda da ta sauya rayuwar miliyoyin mutane cikin wuni guda, ko ya tura jiragen yaƙi wata ƙasa ba tare da ya jira majalisa ba, tambaya ɗaya ce take dawowa bakin jama'a: daga ina ya samu wannan iko, kuma wa ya ba shi? Masu adawa da shi sukan ce ƙwacewa ya yi, magoya bayansa kuma su ce dama can nasa ne. Bayan shekara huɗu ko takwas, idan mulki ya koma hannun ɗaya jam'iyyar, sai ɓangarorin biyu su yi musayar baki, kowa ya ɗauki hujjar da ya yi wa dariya jiya.

Muhawarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1973 masanin tarihi Arthur Schlesinger ya fitar da littafin da ya siffanta kujerar shugabancin Amurka da cewa ta koma kamar gadon sarautar wata daula, kuma tun daga lokacin laƙabin ya bi ta. Mai karatu da yawa yakan rufe irin wannan littafi yana jin haushin shugabanni, yana ganin jerin mutane masu kwaɗayin mulki ne suka yi wa tsarin fashi ɗaya bayan ɗaya. Ni da na gama karanta shi, wani abu dabam ne ya tsaya mini a rai, wanda marubucin bai ɓoye ba amma sunan littafin ya danne shi: mafi yawan ikon da ake kuka da shi Majalisar Dokoki ce ta miƙa shi da hannunta, sau da yawa ma da gagarumin rinjaye, kuma har yau ba ta nuna ƙwazon karɓo shi ba.

Abin da kundin tsarin mulki ya rubuta

Mutanen da suka zauna a birnin Philadelphia a 1787 sun fito ne daga yaƙi da sarkin Ingila, saboda haka tsoron sarauta na cikin zukatansu. Babi na farko na kundin da suka rubuta na majalisa ne, kuma a can suka ajiye manyan makamai: sanya haraji, ware kuɗin kashewa, tsara ciniki da ƙasashen waje, kafa runduna da kuma ayyana yaƙi. Babi na biyu, na shugaban ƙasa, gajere ne ƙwarai idan aka kwatanta. Ya naɗa shi babban kwamandan askarawa, ya ba shi ikon yin afuwa, da ƙulla yarjejeniya da naɗa manyan jami'ai bisa amincewar Majalisar Dattawa, sannan ya ɗora masa nauyin tabbatar da cewa ana aiwatar da dokoki yadda ya kamata.

Rigimar tana cikin jimlar farko ta kowane babi. Na majalisa ya ce an ba ta ikon yin dokoki da aka ambata a cikin kundin, wato an yi mata iyaka. Na shugaban ƙasa kuwa cewa kawai ya yi ikon zartarwa yana hannun shugaba, bai fayyace inda ikon ya tsaya ba. Tun a 1793, lokacin da George Washington ya shelanta cewa Amurka ba za ta shiga yaƙin Faransa da Ingila ba, Alexander Hamilton da James Madison suka yi ta musayar rubuce-rubuce a jarida kan wannan giɓi. Hamilton ya ce duk abin da ya shafi zartarwa na shugaba ne sai wanda aka cire masa a fili, Madison kuma ya ce sha'anin yaƙi da zaman lafiya na majalisa ne. Su biyun suna cikin waɗanda suka halarci taron rubuta kundin, amma shekara shida kacal bayan haka sun kasa yarda kan ma'anarsa.

Kalmomi uku da ake yawan rikitawa

Umarnin zartarwa takarda ce da shugaba yake ba ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya yana faɗa musu yadda za su yi aiki. Ba doka ba ce irin ta majalisa, dole ne ya jingina da wata doka ko da tsarin mulki, kotu na iya soke shi, kuma shugaban da ya biyo baya na iya shafe shi da alƙalami a ranar farko. Yawan irin waɗannan takardu ba shi ne ma'aunin ƙarfi ba. Franklin Roosevelt ya fitar da fiye da 3,700, yawancinsu kan harkokin gudanarwa na yau da kullum, amma guda ɗaya daga ciki, mai lamba 9066 na shekarar 1942, shi ya kai ga tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, alhali mafi yawansu 'yan ƙasar Amurka ne.

Dokar ta-ɓaci a tsarin Amurka ba ta nufin dakatar da tsarin mulki ko rushe majalisa. Shelarta tamkar mabuɗi ce da ke buɗe tanade-tanade fiye da 120 da majalisa ta warwatsa a cikin dokoki daban-daban, waɗanda ba sa aiki sai an ayyana halin ta-ɓaci. Hawa kujerar na-ƙi kuwa shi ne shugaba ya ƙi sa hannu kan ƙudurin da majalisa ta zartar, kuma ba a iya tsallake shi sai da kashi biyu bisa uku na ƙuri'u a Majalisar Wakilai da ta Dattawa duka. Cikin fiye da sau 2,500 da shugabanni suka hau wannan kujera a tarihi, waɗanda majalisa ta iya tsallakewa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin kusan dukan abin da zai biyo baya ya rataya a kansa.

Yaƙi ne ya buɗe ƙofar

A ƙarni na 19 an samu shugabannin da suka miƙe ƙafa fiye da yadda aka zata. Thomas Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15 yana shakkar ko tsarin mulki ya ba shi dama, Abraham Lincoln kuma a 1861, da ɓarkewar yaƙin basasa, ya toshe tashoshin ruwan jihohin kudu, ya ƙara yawan soja, ya dakatar da haƙƙin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali, duk kafin majalisa ta zauna. Sai dai a wancan zamani iko yakan kumbura lokacin rikici ya sace bayansa. Da yaƙin basasa ya ƙare majalisa ta dawo da ƙarfinta har ta tuhumi magajin Lincoln, Andrew Johnson, a 1868, kuma da ƙuri'a ɗaya ya tsira daga tsigewa.

Abin da ya sauya bayan 1945 shi ne rikicin ya daina ƙarewa. Yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ya sa Amurka ta riƙe babbar runduna a lokacin zaman lafiya, ta kafa sansanoni a ƙasashe da dama, ta mallaki makaman nukiliya waɗanda umarnin harba su ke hannun mutum ɗaya. A da, shugaban da ke son yaƙi dole ne ya roƙi majalisa ta ba shi soja da kuɗi. Yanzu sojan na nan a shirye, saboda haka yana iya farawa tukuna, sannan ya bar 'yan majalisa da zaɓi mai ɗaci: ko su biya kuɗin, ko a ce sun yi watsi da 'ya'yan jama'a a fagen daga. Rabon da majalisa ta ayyana yaƙi a hukumance tun 1942. Harry Truman ya shiga yaƙin Koriya a 1950 ba tare da ƙuri'arta ba.

Biyetnam ce ta fi nuna inda matsalar take. A watan Agusta na 1964, bayan rahoton harin da aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka a mashigin Tonkin, Lyndon Johnson ya nemi izinin ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace. Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 416 ba tare da ko ɗaya ya ƙi ba, Majalisar Dattawa kuma da 88, mutum biyu kacal suka ce a'a. Daga baya ta bayyana cewa hari na biyu da aka gina ƙudurin a kansa bai auku yadda aka ba da labari ba, kuma yaƙin ya ci rayukan Amurkawa fiye da 58,000, ban da ɗimbin mutanen Biyetnam da suka ninka haka sau da yawa. Shekara 37 bayan haka aka maimaita. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisa ta ba George W. Bush izinin amfani da ƙarfi kan waɗanda suka kitsa harin da masu ba su mafaka, cikin jimla guda mai kalmomi kusan 60 wadda ba ta ambaci ƙasa ko wa'adi ba. 'Yar majalisa ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi. Shugabannin da suka biyo baya sun jingina da wannan jimla wajen kai farmaki a Yaman da Somaliya, har da yaƙi da ƙungiyar IS daga 2014, ƙungiyar da babu ita da wannan suna lokacin da aka yi ƙuri'ar.

Yunƙurin ja da baya, da hukuncin da ya karya shi

Sau ɗaya majalisa ta tashi haiƙan. Ɗacin Biyetnam da abin kunyar Watergate, wato kutsen leƙen asiri da aka yi wa ofishin jam'iyyar adawa a zamanin Richard Nixon, sun sa a 1973 ta zartar da dokar ikon yaƙi duk da cewa Richard Nixon ya hau kujerar na-ƙi. Dokar ta ce shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48 idan ya tura soja fagen fama, kuma ya janye su bayan kwana 60, da ƙarin 30 na janyewa, muddin ba a ba shi izini ba. A 1974 aka yi dokar da ta hana shugaba riƙe kuɗin da majalisa ta ware, a 1976 aka yi ta tsara dokar ta-ɓaci, a 1977 kuma aka yi ta ikon tattalin arziki a halin ta-ɓaci na ƙasa da ƙasa.

Ga wurin da masu sharhi da yawa ke tsallakewa, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Waɗannan dokoki an gina su ne a kan wata yarjejeniya: majalisa za ta ba shugaba sarari ya yi gaggawa, amma ta riƙe linzami, domin tana iya soke matakinsa da rinjaye mai sauƙi ba tare da sa hannunsa ba. A 1983 Kotun Ƙoli, a shari'ar Chadha wadda asalinta batun korar wani baƙo ne daga ƙasar, ta yanke cewa irin wannan sokewa ta saɓa wa tsarin mulki, domin duk abin da ke da ƙarfin doka dole ne ya bi ta majalisun biyu ya je teburin shugaba. Linzamin ya tsinke, amma ikon da aka miƙa yana nan daram. Sakamakon shi ne lissafi ya juye: a asalin tsari shugaba na buƙatar rinjayen majalisa kafin ya yi abu, yanzu kuwa majalisa ce ke buƙatar kashi biyu bisa uku kafin ta hana shi.

An ga aikin wannan lissafi a fili a 2019. Donald Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don katangar iyaka da Meziko, majalisa ta ba da ƙasa da biliyan 1.4 bayan rufe wani sashe na gwamnati na kwana 35. Sai ya ayyana dokar ta-ɓaci ya karkatar da biliyoyin daloli daga kuɗin gine-ginen soja. Majalisun biyu suka kaɗa ƙuri'ar soke shelar, har da sanatoci 12 na jam'iyyarsa ta Republican, ya hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. Dokar ta-ɓacin da Jimmy Carter ya ayyana kan Iran a 1979 kuwa kowane shugaba yana sabunta ta duk shekara, abin da ya nuna cewa kalmar ta-ɓaci ta daɗe da rabuwa da ma'anarta.

Me ya sa majalisa take sakin abin da ke hannunta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Madison ya yi hasashen cewa kowane ɓangare na gwamnati zai yi kishin ikonsa, ɗan majalisa zai kare majalisa ko da daga abokinsa ne. Abin da lissafinsa bai ɗauka da nauyi ba shi ne jam'iyya. Sanatan da shugaban ƙasa ɗan jam'iyyarsa ne yana ganin nasarar shugaban a matsayin tasa, kuma ya san cewa idan ya ja da shi zai gamu da fushin magoya baya a zaɓen fid da gwani. Wannan ne ma ya dushe makamin tsigewa, wanda ke buƙatar sanatoci 67 cikin 100. Majalisar Wakilai ta tuhumi Andrew Johnson, ta tuhumi Bill Clinton a 1998, ta tuhumi Trump a 2019 da 2021, amma Majalisar Dattawa ba ta taɓa sauke shugaba ko ɗaya ba.

Akwai kuma gudun alhaki. Ƙuri'a kan yaƙi ko haraji tana bin ɗan siyasa har ƙarshen aikinsa, kamar yadda ƙuri'ar yaƙin Iraƙi ta 2002 ta riƙa bin waɗanda suka kaɗa ta. Ya fi sauƙi a bar shugaba ya yanke shawara, idan ta yi kyau a yaba tare, idan ta ɓaci a fito a yi suka. Harajin fito misali ne mai kyau. Tsarin mulki ya ba majalisa shi ƙarara, amma bayan dokar 1930 da ta ɗaga kuɗin fito ta jawo ramuwar gayya daga wasu ƙasashe a tsakiyar karayar tattalin arziki, sai majalisa ta fara miƙa wa shugaba wannan aiki daga 1934, ta ƙara masa a 1962 da hujjar tsaron ƙasa. Da wannan doka ta 1962 aka ɗora kashi 25 cikin 100 kan ƙarfen da ake shigowa da shi a 2018. A ƙarshe akwai cushewar aiki: tunda yawancin ƙudurori na buƙatar ƙuri'a 60 kafin su wuce a Majalisar Dattawa, manyan matsaloli irin na baƙin haure sukan yi shekaru ba a warware ba, sai shugaba ya ce tun da sun kasa bari shi ya yi, kamar yadda Barack Obama ya yi a 2012 da shirin kare waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son shugaba mai ƙarfi ba su rasa abin faɗa ba. Sun ce mutum 535 ba za su iya tafiyar da yaƙi ko annoba ko rushewar banki ba, kuma shugaban ƙasa da mataimakinsa ne kaɗai ƙasar baki ɗaya ke zaɓa, don haka jama'a sun san wanda za su kama da laifi. Daga cikinsu akwai masu ra'ayin da ya yi ƙarfi tun zamanin Ronald Reagan, cewa tun da tsarin mulki ya damƙa ikon zartarwa ga mutum ɗaya, dole ne ya iya sallamar duk wani jami'in zartarwa, kuma hukumomi masu cin gashin kai da ba wanda ya zaɓe su sun fi shugaba zama barazana ga dimokuraɗiyya. Masu suka kuma suna cewa saurin da ake yabo shi ne ya kai ƙasar Biyetnam da Iraƙi, kuma zaɓe sau ɗaya cikin shekara huɗu bai isa ya zama takunkumi ga mai riƙe da irin wannan iko ba.

Abin da ke rage wa muhawarar daraja shi ne yadda ake sauya sheƙa, domin laifi tudu ne. Obama yana sanata a 2007 ya ce shugaba ba shi da ikon kai hari shi kaɗai idan babu barazana ta kusa ga ƙasa, amma a 2011 gwamnatinsa ta ci gaba da ruwan bama-bamai a Libiya bayan wa'adin kwana 60 ya wuce, tana cewa abin da ake yi bai kai a kira shi faɗa ba a ma'anar dokar. 'Yan Republican da suka kira shi sarki sun yi shiru a 2019. Shi kansa Schlesinger ya yi aiki a fadar John Kennedy kuma ya daɗe yana yabon Roosevelt, sai a zamanin Lyndon Johnson da Nixon ya ga haɗarin abin da ya taɓa ɗaukakawa.

Kotu ba ta tsaya gefe guda ba

Kuskure ne a ɗauka kotu kullum tana taka wa shugaba birki, ko kullum tana share masa hanya. A 1952 ta hana Truman karɓe masana'antun ƙarfe, a 1974 ta tilasta wa Nixon miƙa faifan muryoyin da suka kai shi ga murabus, a 2023 ta soke shirin Joe Biden na yafe bashin karatu na kimanin dala biliyan 400. Amma ita ce a 1944 ta amince da korar 'yan asalin Japan daga gidajensu, a 2020 ta ƙarfafa ikon shugaba na sallamar shugaban hukumar kare masu hulɗa da bankuna, a ranar 1 ga Yuli 2024 kuma, da alƙalai shida kan uku, ta yanke cewa tsohon shugaba yana da kariya daga tuhumar laifi kan ayyukan da ke cikin ainihin ikonsa na tsarin mulki, da kuma kariya ta zato kan sauran ayyukan ofis. Ban da haka, shari'a takan ɗauki shekaru, kuma alƙalai sun saba kauce wa ƙararrakin da suka shafi yaƙi, ta yadda hukunci yakan zama ihu bayan hari.

Abin da ya shafi talaka

Ga mutumin da ba ruwansa da gardamar lauyoyi, illa ta farko ita ce rashin tabbas. Abin da aka gina da alƙalamin mutum ɗaya alƙalamin wani ke rushe shi. Amurka ta shiga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris a 2016, ta fice a 2020, ta koma a 2021, aka sake ba da umarnin ficewa a 2025. Ƙa'idar da ta hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin ƙetare masu hulɗa da zubar da ciki, wadda Reagan ya kafa a 1984, an soke ta a 1993, an dawo da ita a 2001, an soke a 2009, an dawo a 2017, an soke a 2021, an dawo a 2025. Manomin da ke sayar da amfaninsa ƙasashen waje, da mai ƙaramar masana'anta da ke shigo da kayan aiki, da matashin da zamansa a ƙasar ya dogara da shirin 2012, duk suna tsara rayuwarsu ne a kan abin da zaɓe ɗaya ke iya kifarwa. Haka ma waɗanda ke wajen Amurka, waɗanda takunkumi ko harajin fito ko hana biza ke faɗo musu ba tare da an yi muhawara a majalisar kowa ba.

Illa ta biyu ita ce zafin zaɓe. Idan kujera ɗaya ce ke yanke hukunci kan yaƙi da ciniki da shige da fice, faɗuwa zaɓenta yakan zama wa rabin ƙasa kamar asarar komai, kuma wannan tsoro shi ke sa kowace jam'iyya ta yafe wa nata shugaban abin da ba za ta yafe wa na wata ba.

Shawarwarin gyara suna nan a rubuce. Mafi sauƙin fahimta shi ne wanda Sanata Mike Lee na Republican ya gabatar a 2019, wanda ya samu goyon baya daga ɓangarorin biyu: duk dokar ta-ɓaci ta mutu da kanta bayan kwana 30 sai idan majalisa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da ita. Wannan zai mayar da lissafin yadda yake kafin 1983 ba tare da saɓa wa hukuncin kotu ba, domin shirun majalisa zai koma ƙi maimakon yarda. Akwai masu neman a sa irin wannan wa'adi ga izinin yaƙi da harajin fito. Ƙudurin bai zama doka ba, kuma ko ya wuce majalisun biyu, yana buƙatar ko dai sa hannun shugaban da zai rage wa iko, ko kuma kashi biyu bisa ukun nan da majalisa ba ta cika samu ba.